Yana zama da littafi awa uku kullum, amma sakamakonsa baya yake yi: laifin waya ne?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyar na sakandare. A da ba ya wuce na biyar a ajinsu. Bara yayansa ya aiko masa da babbar waya, tun daga nan sakamakonsa yake ja da baya, wannan zangon ma da ƙyar ya tsallake lissafi da kemistiri. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kullum bayan isha'i ina ganinsa zaune da littafi har wajen ƙarfe sha ɗaya. In na yi magana sai ya ce ai da wayar yake karatu, malamansu ta WhatsApp suke turo aiki. Mahaifinsa ya ce a ƙwace kawai kowa ya huta. Shin da gaske ne su TikTok da Facebook suna lalata ƙwaƙwalwar yara, ko dai wani abu ne daban yake damunsa?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana su, ya sa musu albarka. Na koyar a sakandare shekaru masu yawa kafin in koma kwalejin ilimi, inda yanzu nake koya wa malaman gobe yadda ɗalibi yake ɗaukar karatu da abin da ke hana shi ɗauka. Wannan ƙorafi naki ba a wata biyu ban ji irinsa ba, wani lokaci daga iyaye, wani lokaci daga ɗaliban da kansu, su same ni a ofis su ce, "Malam, wallahi ina karatu, amma ba ya zama."

Ki kwantar da hankalinki tukuna, ƙwaƙwalwar ɗanki lafiyarta ƙalau. Akwai wata magana da ke yawo cewa wai hankalin ɗan adam yanzu ba ya wuce sakan 8 a kan abu ɗaya, wai ɗan kifin ado ma ya fi mu natsuwa. Daga wani rahoton harkar talla na kamfanin Microsoft reshen Kanada ta fito a 2015, kuma da 'yan jaridar BBC suka bi diddigi a 2017 ba su tarar da wani bincike a ƙarƙashinta ba. Yaron da zai zauna minti casa'in yana kallon ƙwallo, ya gaya miki wanda ya ba da fasin kowace ƙwallo da aka ci, hankalinsa yana nan daram. Matsalar tana cikin awa ukun nan da kike gani. Ke kina lissafa lokacin da ya zauna gaban littafi ne, ita kuwa jarrabawa lokacin da hankalinsa ya zauna a kan littafin kaɗai take biya.

Wata rana, saura mako guda a fara jarrabawa, na shiga ɗakin karatu na kwalejinmu neman wani littafi, sai na zauna bayan wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari da ladabi. Ya baje takardun darasi, ya kife wayarsa a gefe, alamar yau da gaske ya zo. Bai yi rabin shafi ba wayar ta ɗan yi gurnani a kan tebur. Ya juyo ta, ya yi murmushi, ya amsa, ya sake kife ta. Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya min a rai: ya sa bironsa yana bin layi yana neman inda ya tsaya, bai gane wurin ba, ya koma farkon sakin layin. Ya yi layi huɗu ko biyar, sai hannunsa ya sake kai wa wayar, wannan karon ko motsi ba ta yi ba. Na yi kusan minti arba'in a wurin, sau ɗaya ya juya shafi. Da la'asar muka haɗu a masallaci na ce ya karatu, ya ce, "Alhamdu lillahi Malam, yau tun safe ina laburare." Kuma ba ƙarya yake ba. Bayansa ya gaji, idonsa ya gaji, don haka zuciyarsa ta ba shi shaidar ya yi karatu. Ina kyautata zaton haka ɗanki yake, shi ya sa yake jin ba a yi masa adalci ba in aka ce ba ya karatu.

Abin da na gani da ido an auna shi. A 2013 wani masanin halayyar ɗan adam a Kalifoniya mai suna Larry Rosen da abokan aikinsa suka sa aka lura da ɗalibai 263, daga 'yan ƙaramar sakandare har 'yan jami'a, kowa yana karatu a inda ya saba, na minti 15 kacal. In aka haɗa aka raba, ba su cika minti 6 a kan aikin ba kafin su juya zuwa saƙo ko kafar sada zumunta, alhali sun san ana kallonsu. Waɗanda suka leƙa Facebook a cikin wannan ɗan lokaci makinsu na makaranta ya fi na sauran ƙasa. A lokacin ko TikTok ba a ƙirƙiro ba.

Za ki iya cewa, to leƙen saƙo ai sakan goma ne, me sakan goma zai rage? A nan gizo ke saƙa. Wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu ɗan ƙarami ne, masana sun ƙiyasta abubuwa kamar huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Ki tuna ɗan kasuwa yana ƙirga kuɗi, ya kai dubu talatin da bakwai, sai wani ya yi sallama ya tambaye shi nawa kwanon shinkafa. Ya amsa cikin ƙiftawar ido, amma in ya dawo kan kuɗin sai ya soma daga ɗaya. Hasarar ba ta tsaya ga lokacin amsa sallama ba, duk ƙirgen da ya yi a baya ya zube. Mutanen da ke cewa sun iya haɗa karatu da hira, a zahiri ƙwaƙwalwarsu tsalle take tsakanin biyun, kuma kowane tsalle da abin da yake zubarwa. Hausawa sun gama maganar tun da daɗewa, taura biyu ba ta taunuwa.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da kika ce lissafi da kemistiri ne suka fara nuna alama. Yaro yana warware lissafi mai x da y, ya ninka layin farko da 2, yana riƙe da 24 a ransa, yana tuna cewa alamar za ta sauya in ya ɗebe layi na biyu. Abu uku ke nan a hannunsa. Saƙo ɗaya ya isa ya watsar da su, ya dawo ya manta alamar, amsa ta fito ba daidai ba, ya yanke wa kansa hukunci cewa shi dama ba ya gane lissafi. Kuma ko ya ajiye wayar, hankalin ba ya dawowa gaba ɗaya. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aikin da bai kammala ba ya koma wani, wani kaso na hankalinsa yana maƙalewa a na farkon. Hirar guruf kuwa ba ta taɓa kammaluwa. Idonsa na kan littafi, zuciyarsa na jiran ya ga me wane zai mayar.

Ba sai ya taɓa wayar ba ma. A Jami'ar Jihar Fulorida a 2015 an ba ɗalibai aikin da ke buƙatar natsuwa, aka riƙa aika wa wasunsu saƙo ko kira ba tare da sun amsa ba, kurakuransu suka ƙaru. A 2017 kuma Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokansa suka gwada mutane kusan 800: wasu waya a kan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Waɗanda tasu ke wani ɗaki su suka fi yin abin kirki. Wasu da suka maimaita wannan gwaji daga baya ba su ga bambancin da ƙarfi haka ba, don haka ba na gina komai a kansa shi kaɗai. Amma duk wanda ya taɓa azumi kusa da mai suyar ƙosai ya san cewa danne zuciya ma aiki ne, kuma yana cin ƙarfi.

Kada ki ɗauki abin a matsayin taurin kai ko gazawar tarbiyyarki. Kamfanonin su TikTok da Facebook daga talla suke samun kuɗi, talla kuwa gwargwadon daɗewar ido a kan waya take kawo riba, saboda haka da gangan aka tsara manhajojin su riƙe mutum. Tun a shekarun 1950 wani masanin halayya, B. F. Skinner, ya nuna da tantabaru cewa in tsuntsu bai san a caka ta nawa hatsi zai faɗo ba, zai yi ta cakar maɓalli ba ƙaƙƙautawa, kuma da wuya ya daina. Haka jan fuskar waya da yatsa yake: bidiyo uku ba daɗi, na huɗu ya ba ka dariya, ba ka san me na biyar ya ƙunsa ba. Mu da muka taso da talabijin ɗin gwamnati, tashar takan rufe da tsakar dare da taken ƙasa, kowa ya tashi ya kwanta. Jarida tana da shafin ƙarshe. Wannan shafin ƙarshen shi aka cire. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafi marar ƙarshe a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa tunaninsu tun farko shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa iya iyawarsu. To ki haɗa wannan da ɗan shekara sha shida, wanda ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwarsa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin, kuma a wannan shekarun ba abin da ya fi tsoro kamar abokai su yi hira ba shi, ko a ga alamar shuɗi ta nuna ya karanta saƙo bai amsa ba. Ba ƙaramin kokawa muke sa yaran nan ba in muka ce su ajiye waya a gefen littafi su kuma kau da kai.

Sai dai abin da na fi zargi a lamarin ɗanki bai ma zo a tambayarki ba. Kin ce yana tashi daga karatu ƙarfe sha ɗaya. Ina wayar take kwana? Kamfanonin sadarwa suna sayar da datan dare da araha, wadda ba ta aiki sai dare ya raba, kuma a unguwanni da yawa a lokacin ne ake kawo wuta a yi caji. Ga yaro mai ɗan kuɗin tara, ƙarfe sha biyu zuwa biyu na dare shi ne lokacin kasuwa. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Ɗanmu da ya kwanta ƙarfe ɗaya da rabi, aka tashe shi sallar asuba wajen biyar, ya ɗan koma, ya kama hanyar makaranta kafin bakwai da rabi, ko biyar bai cika ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka koya da rana ta adana shi, kamar yadda ake kwashe hatsi daga masussuka a kai rumbu. In barcin ya gaza, wanda aka koya jiya bai shiga rumbu ba, wanda za a koya yau kuma ba kan da zai karɓe shi. Lokacin da nake koyarwa a sakandare darasin farko na safe shi ne wanda nake ajiye abu mafi wuya a cikinsa, saboda yara suna da kuzari. Malaman da ke can yanzu, waɗanda wasunsu ɗalibaina ne, suna gaya min cewa a darasin farkon ne suke ganin kawuna a kan benci. Ki tashi wani dare wajen ƙarfe ɗaya ki leƙa ɗakinsu ba tare da kin kunna fitila ba. In kin ga ɗan haske shuɗi-shuɗi a cikin gidan sauro ko ƙarƙashin bargo, kin samu rabin amsar tambayarki.

Akwai kuma wata illa da ba a gani sai a ɗakin jarrabawa. Koyo na gaskiya yana faruwa ne a daidai lokacin da abu ya yi wuya, lokacin da yaro ya karanta sakin layi bai gane ba, ya ji ƙunci, ya daure ya sake. Waya tana buɗe masa ƙofar gudu daidai wannan gaɓa. Da zarar kai ya ɗau zafi sai hannu ya tafi aljihu, a hankali ya saba da barin abu tun bai ba shi wuya sosai ba. Ranar JAMB kuwa tambaya 180 ce a cikin awa 2, da dogayen nassoshin Turanci da sai an karanta an riƙe kafin a amsa. Takardun WAEC da NECO na rubutu wasu sun fi haka tsawo. Wanda bai taɓa zama minti talatin a jere a kan abu ɗaya ba duk shekara, ba ranar zai fara ba.

Game da cewa da wayar yake karatu, da gaskiyarsa, amma rabi. Malamai suna tura aiki ta WhatsApp. Akwai darussa masu kyau a YouTube, har da masu bayanin kimiyya da Hausa, akwai manhajojin tsofaffin tambayoyi, kuma tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, yaron da bai saba da na'ura ba yana shiga da fargaba. Lokacin rufe makarantu na korona a 2020, da yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, da yawa daga ɗalibai waya ce kaɗai ta riƙe su da karatu. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Inda nake da ja shi ne kallon wani yana warware lissafi a bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya iya, tara takardun darasi a cikin waya yana sa ya ji kamar ya karanta. A 2006 wasu masu bincike, Roediger da Karpicke, sun raba ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta nassi, wasu suka karanta suka rufe suka gwada tunowa. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, kuma su suka fi amincewa da kansu. Bayan mako guda masu rufewa su tuno suka wuce su nesa. Malaman tsangaya sun san wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Almajiri ba ya wanke allo don ya ce ya iya, sai ya kife shi ya biya da ka a gaban malam. Kuma in gardi ya tashi hadda da gaske, barin cikin mutane yake ya tafi kiskadi a bayan gari, shi da allonsa da inuwar bishiya. Ba su dogara da ƙarfin zuciya ba, nisa suka nema.

In aka zo kan maki, binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban galibi hanya ɗaya yake nunawa: yawan zama a kafofin sada zumunta yana tafiya da raguwar maki, amma alaƙar matsakaiciya ce, kuma ta danganta da abin da ake yi a ciki. Reynol Junco ya duba ɗaliban jami'a sama da 1,800 a Amurka a 2012, ya ga yawan lokaci a Facebook da yawan hira suna tafiya da ƙarancin maki, amma neman bayani da tura wa juna abin amfani ba haka ba. Wani lokaci ma abin baibai yake, yaron da karatu ya fara yi wa wuya shi ke gudu zuwa waya, wayar ta ƙara masa nisa. Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne na Beland da Murphy a 2015, da suka bi sakamakon makarantun sakandare 91 a birane huɗu na Ingila kafin hana waya da bayan hanawa. Maki ya ƙaru, kuma ɗalibai masu rauni sun samu fiye da ninki biyu na ƙarin da aka gani a jimla, manyan masu ƙoƙari kuwa kusan ba abin da ya sauya musu. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018, Holan ta bi a sakandarenta a farkon 2024, Ostareliya kuma ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 kafofin sada zumunta a ƙarshen 2024. Amma wani bincike na Jami'ar Birmingham da ya fito a 2025, a makarantu 30, bai ga bambanci a maki ko barci tsakanin makarantun da suka hana da waɗanda ba su hana ba. Yaran suna rama abin da aka hana su in sun koma gida. Abin da ya gani shi ne duk yaron da jimlar lokacinsa a waya ta yi yawa, barcinsa da makinsa sun fi rauni. Wato aikin yana hannunki fiye da hannun shugaban makaranta.

Ina ƙin a mai da waya jakin ɗaukar duk laifin ilimi a ƙasar nan. A JAMB ta 2025, cikin sama da ɗalibai miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, mutane da yawa suka yi caa a kan yaran zamani da wayoyinsu. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta fito ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu. Ajin da ke da yara ɗari da malami ɗaya, yaron da ya zo bai karya ba, yarinyar da ta wuni talla, waɗannan ba TikTok ya kawo su ba. Amma ɗanki makaranta ɗaya yake, gida ɗaya, malamai kusan ɗaya, abin da ya sauya bara waya ce. Ruwa ba ya tsami banza.

Shawarar Alhaji mahaifinsa ta a ƙwace, na fahimci zafin da ya kawo ta, sai dai ban so a fara da ita. Na sha ganin yadda take ƙarewa: yaro ya ari ta aboki, ko ya tara kuɗi ya sayi wata a ɓoye ya ajiye a gidan maƙwabta, an gudu ba a tsira ba, ga shi an koya masa ɓoye-ɓoye. Kuma nan da shekara biyu, in Allah ya yarda, yana jami'a, ba mai ƙwace masa komai. Gara ya koyi riƙe linzami tun yana gabanku.

Ki zaunar da shi lokacin da ba a cikin faɗa. A wayoyin Android, su Tecno da Infinix da Samsung, akwai wuri a cikin saiti mai suna Digital Wellbeing da ke nuna awa nawa aka yi a kowace manhaja da sau nawa aka buɗe wayar. Ki ce ya fara faɗin abin da yake zato, sannan ya buɗe da hannunsa ku gani tare. Ina yin haka da ɗalibaina a aji, kuma shirun da ke biyo baya ya fi duk wa'azin da zan yi tasiri. Gani ya kori ji. In so samu ne ki buɗe taki ma ya gani, domin yaron da ke ganin iyayensa suna cin abinci da waya a hannu ba zai ɗauki doka da muhimmanci ba.

Daga nan abu biyu kawai za ku ƙulla, kuma ku tsaya a kansu: waya ba ta zama ɗaki ɗaya da littafi, ba ta kwana ɗaki ɗaya da shi. Bayan isha'i ya buɗe WhatsApp minti goma, ya kwafe aikin da malamai suka turo a littafinsa da biro, ya kawo miki wayar. In akwai abin da ya shige masa duhu ya rubuta a gefe, in ya gama ya karɓa ya nema a YouTube a falo inda kike. Ya fara da zaman minti ashirin da biyar ko talatin, ya tashi ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, ya dawo, a hankali ya ƙara tsawo. A ƙarshen kowane zama ya rufe littafin ya rubuta abin da ya tuna, ko ya biya wa ƙaninsa. Awa ɗaya da rabi a haka ta fi ukun da yake yi yanzu, kuma ki gaya masa hakan a fili, don ya san ba ƙarin wahala kike nema masa ba. Ya samu lokacinsa na hira da kallo da rana ko bayan la'asar, sananne, ba mai tsangwamarsa a ciki. Ƙarfe goma waya ta shiga caji a ɗakinki har gari ya waye. In ya ce da ita yake tashi asuba, agogon tebur ba shi da tsada. Ya kashe ƙarar sanarwa ta duk manhajoji in ban da kira, ya fita daga zaurukan da ba na karatu ba ne ko na dangi, musamman masu alƙawarin amsoshin jarrabawa, waɗanda ke cinye kuɗin yara su kuma kashe musu zuciyar karatu. Ki sa yayan da ya aiko wayar a cikin maganar, sau da yawa ƙani ya fi jin ta yayansa a irin wannan.

Kwanakin farko zai yi fushi, zai yi ta kai-kawo kamar wanda ya yar da wani abu. Ki daure, yakan lafa. In aka yi yarjejeniya ya karya sau biyu sau uku, ko jarrabawar WAEC ta matso, to a nan maganar Alhaji ta shigo: a karɓi babbar a ba shi ƙarama mai maɓallai zuwa wani lokaci da aka ambata, ya san dalili, ya san ranar da za a mayar masa.

Ki ba abin zango ɗaya. In barci ya daidaita, waya ta bar gefen littafi, amma maki bai motsa ba, ko kika ga ya daina cin abinci, ya daina fita wurin abokai, yana yawan neman kuɗi ba dalili, kada ki tsaya kan waya. Ki je ki ga malamin ajinsu ki ji yadda yake a makaranta. A duba idonsa a asibiti, don akwai yaran da ba sa ganin allo sosai kuma ba sa faɗa. Ki bincika ko ya faɗa cacar ƙwallo ta waya, wadda ta yi yawa a tsakanin samari yanzu, ko wani yana cin zalinsa a guruf, ko akwai damuwar da ya kasa furtawa. A lissafi kuma, tun da shekara guda ta wuce yana tsinta-tsinta, akwai darussan aji huɗu da na farkon aji biyar da zai koma ya cike da taimakon malami ko wani ɗan uwa da ya iya, domin na gaba a kansu aka ɗora su. Allah ya ba shi nasara, ya sanyaya miki ido da shi.